Mahayin Da Ba Ya Ɗaure Kowa

Mijina Primus Sango ya yi shekara ashirin da biyu yana aikin doka a ƙasar Maskoki, can Yankin Indiyawa na Amurka, kuma a duk tsawon lokacin nan igiyar da ke rataye a sirdinsa doki kawai ta taɓa ɗaurewa. Ni ce Hagar, matarsa. Shekara arba'in da uku muka yi tare, saboda haka in na ba da labarinsa kada wani ya gyara mini. Yaran yanzu suna zuwa suna tambayata mutum nawa ya harbe, kamar wannan ne aikin. Mutum ɗaya ya harbe da sunan doka, kuma ƙanena ne.

An haife shi bawa a gidan wani Bamaskoke a bakin kogin Arkansas. Da harshensu ya buɗe baki, Turanci sai daga baya, kuma har ya mutu in ransa ya ɓaci da Maskokanci yake faɗa. Yana da shekara goma sha huɗu yaƙin 'yantar da bayi ya ɓarke, jama'a suka gudu arewa zuwa Kansas a cikin ƙanƙara. A wannan tafiya ya rasa yatsu biyu na ƙafar hagu. Ni kuma a nan na rasa uwata, ta bar mini ƙanena ɗan shekara biyu, Kajo, na goya shi ina 'yar shekara goma sha ɗaya. Ban san Primus ba a lokacin. Daga baya ya yi ƙaryar shekaru ya shiga sojan baƙaƙe, ya yi shekara biyu yana yaƙi da takalmin da ya yi masa yawa.

Da aka gama yaƙi muka dawo, aka yi yarjejeniyar da ta mai da mu 'yan ƙasar Maskoki, da gona da ƙuri'a kamar kowa. A takarda ke nan. A zuciyar wasu tsofaffin iyayengijinmu kuwa, da sauran tafiya. Muka kafa ƙauyenmu a hayin kogi, gida talatin da coci ɗaya, duk baƙaƙe.

Neman aurena da ya yi, abin dariya ne. Lahadi uku a jere yana zuwa bayan coci, ya zauna da mahaifina a ƙofar gida, ya sha sofki, kunun masararmu, kwano biyu, ya yi godiya ya tafi. Ko kallona ba ya yi. A Lahadi ta huɗu na dire masa kwanon da ƙarfi na ce, "Malam, in masara ka zo nema, ga rumbu can. In ni ce, ka yi magana." Ya ɗago kai ya ce, "Ke ce." Iyakar zancen soyayyar da na samu daga bakinsa ke nan, kuma ya ishe ni.

A shekara ta 1876 aka zaɓe shi mahayi. Haka muke kiran 'yan dokarmu: kowace gunduma tana da kyaftin ɗaya da mutum biyar a kan dawakai. Su ke bin ɓarayin dawaki, su fasa gangunan giyar da ake shigowa da su ta ɓarauniyar hanya, su yi wa wanda alƙali ya yanke wa hukunci bulala a gindin itacen kotu. Maskoki ba su da kurkuku. A ganinsu kulle mutum a ɗaki abin kunya ne ga mai kullewa da wanda aka kulle. Ana faɗa wa mutum ranar da zai zo kotu, ya zo da ƙafarsa. Wanda ya bari aka je aka ɗauko shi ɗaure, shi da mutuncinsa sun rabu har abada, kuma 'ya'yansa za su gaji wannan.

Sauran mahaya sukan ɗaure mutum in sun ga alamar zai ba su wahala. Primus bai taɓa ba. Ya ce shi ya san nauyin igiya a hannu tun yana yaro, ba zai ɗora wa kowa ba. Wata rana ya bi wani ɓarawon doki kwana shida, ya same shi yana huɗa a gonar surukarsa. Ya zauna a kan shinge ya jira mutumin ya kai ƙarshen kunya, sannan ya ce masa, "Ranar Alhamis da hantsi, a kotu. Ka zo da dokin." Mutumin ya zo. Primus ya yi masa bulala hamsin, bai rage ko ɗaya ba, ya gama ya ciro kitse daga jakarsa ya shafa masa a baya. Ni nake narka masa kitsen, kuma kullum sai na yi ƙorafi.

Ba kowa ne ya saka masa da alheri ba. Wasu ɓarayin shanu daga Texas sun huda masa kafaɗa da harsashi, ya dawo gida a kwance a wuyan doki, na yi wata biyu ina jinyarsa ina zaginsa. Da ya warke ya sake ɗaura sirdi. Ina tsaye a ƙofa ina kallonsa, baƙin mutum da tambarin doka a ƙirji, Bamaskoke da Bature suna ba shi hanya. Ba zan ɓoye ba, kaina yakan yi girma har in ji ƙofar ta yi mini kaɗan.

Sai shekarar 1889, da Kajo.

Kajo ya girma a hannuna, ya zama mutum ɗan shekara talatin, da matarsa Fibi da 'ya'ya uku. Mai barkwanci ne, ga saurin hannu in ya fusata. Shi kaɗai ke iya sa Primus dariya. Yakan shigo gidanmu ya ce, "Mijin Yaya, yau wa ka kama? Ko dai shi ya kama ka?" Primus ya ce, "Malalaci, zo ka riƙe mini doki." A watan Yuli aladun wani maƙwabcinsa Bamaskoke mai suna Yahola suka fasa shinge suka cinye masa masara, karo na uku. Suka yi cacar baki a bakin shingen, Kajo ya ɗaga ƙotar gatari ya buga masa sau ɗaya. Yahola bai tashi ba. Da hantsi Kajo ya iso gidanmu ya tsaya gaban Primus ya ce, "Na kashe mutum." Ba wasa a muryarsa, karo na farko a rayuwarsa.

Hukuncin kisa a wurinmu harbi ne. Alƙali ya yanke, ya sa rana: Juma'ar farko ta Nuwamba, rana tsaka. Bisa al'ada, wanda za a kashe yakan koma gida ya girbe amfanin gonarsa, ya shirya iyalinsa, ranar ta zo ya dawo shi kaɗai, ba rakiya ba mai gadi. Amma ba a taɓa yi wa baƙin mutum daga ƙauyenmu wannan ba. Wan mamacin, wani dogo mai suna Tastanagi, ya miƙe ya ce, "Wannan al'adar ta masu ƙasa ce. Waɗannan jiya-jiya da igiya muke riƙe su. Ku sake shi, gobe yana Kansas."

Primus ya miƙe ya ce da alƙali, cikin harshensu, "Ƙasar tamu ce mu ma, al'adar kuma tamu ce. Ni na tsaya masa. Zai zo."

Alƙali ya yarda. Sannan ya tambayi Kajo wa ya zaɓa ya harbe shi, domin wannan ma haƙƙin wanda za a kashe ne. Kajo ya dubi mahayan ɗaya bayan ɗaya ya ce, "Mijin Yayata. Sauran nan na je farauta da su, ko rumbu ba sa samu." Har alƙali sai da ya sunkuyar da kai don kada a ga haƙoransa.

Wata huɗu ya rage masa. Ya girbe masarar da aladu suka bari, ya haƙe dankali, ya sake wa ɗakinsa rufi, ya koya wa Fibi yadda ake ɗaura wa alfadari garma. Duk ranar da ba aiki, Primus yana can suna karyar masara tare, suna ta tsokanar juna kamar ba komai. Har akwatin gawarsa tare suka sassaƙa, Kajo ya shiga ya gwada, ya ce a ƙara tsawo, ba ya son ya kwanta a takure.

Ni ban ga abin dariya ba. Wata safiya na ajiye wa Primus karin kumallo na tsaya a kansa, na kira shi da sunan 'yarmu ta fari.

"Baban Tena, ka ce masa ya gudu. In kai ka faɗa zai ji."

"Ba zan faɗa ba."

"Ni na goya yaron nan daga nan har Kansas! A bayana ya koyi magana!"

"Na sani."

"To mene ne? Tambarin nan naka ya fi ransa?"

Ya ajiye cokali. "Hagar, in ya gudu, daga ranar duk baƙin da ya yi laifi a ƙasar nan da igiya za a ja shi, kamar da. Har 'ya'yan Kajo. Har namu. Shi ma ya san haka."

Na ce masa maganganun da ba zan maimaita ba. Ya gama cin abincinsa tsaf, ya yi godiya ya fita.

Na je wurin Kajo, na same shi yana jera masara a rumbu. Na yi kuka, na yi faɗa, na tuna masa nonon da bai sha ba da wahalar da na sha. Ya saurare ni har na gaji, sannan ya ce, "Yaya, Yahola ma ƙanin wani ne. Kuma ni ban iya zaman Kansas ba, sanyi ya yi yawa. Miƙo mini kwandon nan."

Daga nan na yanke shawarar abin da har yau in na tuna sai fuskata ta yi zafi. Daga ƙauyenmu zuwa garin kotu mil goma sha takwas ne, da kogi a tsakani. A makon ƙarshe aka yi kwana uku ana ruwa. Primus ya riga ya wuce tun Laraba saboda aiki. Ranar Alhamis, Kajo ya tafi sallama da dangi, ni kuma na kwance alfadarinsa na ja shi mil bakwai arewa, na ɗaure a gidan Kawu Manuwel da ke kan hanyar Kansas, da jakar guzuri a bayansa. Na bar saƙo wurin Fibi ta faɗa masa inda yake, amma sai safiyar Juma'a. Lissafina shi ne, a lokacin ba yadda za a yi ya kai kotu rana tsaka. Tunda ya riga ya saɓa alkawari, ga alfadari ga guzuri ga hanya, sai ya wuce kawai. Na roƙi maƙwabta kada kowa ya ara masa dabba, kuma ba wanda ya ƙi ni.

Da yamma na shiga keken doki na wata maƙwabciya muka haye kogi a jirgin fito. Mai jirgin ya ce wannan ne fitonsa na ƙarshe, ruwa ya fi ƙarfinsa. Na yi murna a raina. Na tafi ne don in tsaya kusa da mijina sa'ad da za a ci masa mutunci, tunda ni na jawo masa.

Ranar Juma'a mutane sun fi ɗari uku a filin kotu, Maskoki da baƙaƙe da 'yan Turawa da suka zo kallo. Rana ta yi tsaka. Alƙali ya duba agogonsa ya mayar aljihu. Babu Kajo. Aka fara ƙus-ƙus. Mutanen ƙauyenmu suka taru gefe guda kowa kansa a ƙasa, su da suka san abin da na yi. Da aka ƙara awa ɗaya, Tastanagi ya tofar da yawu ya ce da ƙarfi, "Me na faɗa muku? Maganar bawa!"

Kyaftin Harjo, shugaban mahaya, mutumin kirki ne, yana son Primus. Ya matso ya ce a hankali, "Primus, dole in tura mutum biyu da igiya."

"Ba a ɗauko shi. Zai zo."

"Rana ta wuce tsaka."

Primus ya ciro tambarin daga ƙirjinsa ya ɗora a kan kututturen da ke gindin itacen. Ya ce, yadda kowa zai ji, "In rana ta faɗi bai zo ba, ku ɗauki wannan, ku yi mini bulalar da kuka ga dama. Amma kafin nan ba wanda zai hau doki." Alƙali ya gyaɗa kai.

A nan zuciyata ta kasa. Na je na ja hannun rigarsa zuwa bayan keken doki, na faɗa masa komai, alfadari da guzuri da maƙwabta da jirgin fito. Na zata zai ɗaga mini murya, abin da bai taɓa yi ba. Ya tsaya yana kallon hanya, leɓensa yana motsi, yana lissafin tafiyar.

Ya ce, "Da ƙafa ke nan. To sai la'asar."

Ya koma ya zauna a gindin itacen. Ko inuwar shakka ban gani a fuskarsa ba. Ni da na raini yaron, ashe mijina ya fi ni saninsa.

La'asar ta yi, rana ta fara ja. Wata tsohuwa ce ta fara ganinsa, ta rangaɗa guɗa ba ta san ta yi ba. Ga mutum can yana tahowa a kan hanyar kogi, yana ɗingishi, ba takalmi, ba riga, taɓo har ƙugu. A kansa akwai ƙunshi ɗaure da ɗamara. Ya yi iyo ya haye kogin da jirgi ya ƙi hayewa, ruwa ya ja shi kusan mil biyu ƙasa, ya fito ya sake biyo hanya. Ƙunshin kuwa kayansa ne na zuwa coci, ko ɗigo bai taɓa su ba.

Mutane suka dare. Ya wuce kai tsaye gaban alƙali yana haki ya ce, "Ranka ya daɗe, a yi mini haƙuri, na makara. Alfadarina ya fi ni hankali, ya ƙi zuwa."

Ba wanda ya yi dariya sai shi. Mazan ƙauyenmu suka ɗago kai ɗaya bayan ɗaya, tsofaffin da suka yi bauta suna share ido da hula. Kyaftin Harjo ya ɗauki tambarin daga kan kututture ya maƙala wa Primus da hannunsa.

Kajo ya nufi Tastanagi ya tsaya gabansa. "Na kashe maka ƙani a kan masara. Ban kyauta ba. Ga ni." Dogon ya dube shi tun daga kai har ƙafafun da suka fashe suna jini. Ya kwance gorar ruwansa ya miƙa masa, ya jira ya sha, sannan ya cire hularsa.

Kajo ya wanke jiki a bayan keken doki, ya sa fararen kayansa. Fasto ya yi addu'a. Akan maƙala ɗan farin ƙyalle daidai zuciya don mai harbi ya gani, kuma Kajo ya ce ni zan maƙala. Na ɗauki allura na matso kusa da shi.

"Kajo, ni ce na..."

"Na sani, Yaya. Wa zai iya jan alfadarin nan mil bakwai in ba ke ba? Me kika sa a jakar?"

"Nama da gurasar masara."

"A ba yara. Ɗan matsa hagu, ba nan ba ne. Yauwa."

Ya zauna a kan akwatin gawarsa da aka riga aka kai wurin, ya miƙe baya, ya ƙi a rufe masa ido. Primus ya tsaya taku goma sha biyar a gabansa. Na bi ta kusa da shi na ce, "Baban Tena, kada ka bar shi ya sha wahala." Ya ce, "Sau ɗaya."

Kajo ya ɗaga murya ya ce, "Mijin Yaya, kada ka ba ni kunya gaban mutane."

"Zauna daidai, malalaci," in ji Primus.

Sau ɗaya ne. Bakin bindigar ko motsi bai yi ba, kowa ya gani. Primus ya miƙa wa kyaftin bindigar, ya je ya ɗauki ƙanena da hannunsa ya kwantar a akwatin, ya gyara masa wuyan riga.

Ya ƙara shekara tara a aikin, har gwamnatin Amurka ta rufe kotunan Maskoki, ya koma gona. A cikin shekarun nan ba a sake cewa a ɗaure baƙin mutum a gundumarmu ba. Ana faɗa masa rana, ya zo, kamar kowane ɗan ƙasa. 'Ya'yan Kajo sun girma suna faɗin sunan ubansu da ƙarfi. Ina alfahari da mazan nan biyu, alfaharin da har yau yake yi mini zafi a ƙirji.

Amma a lokacin ban iya ba. Mako bakwai ban yi wa Primus magana ba. In dafa, in ajiye, in juya baya. Shi ma bai nemi in yi ba. Wata safiyar Lahadi na shiga ɗaki ɗaukar mayafi, na same shi zaune a bakin gado da rigar coci a buɗe. Yana ta ƙoƙarin saka maɓalli, hannun damansa yana karkarwa, maɓallin yana kuɓuce masa. Ashe tun washegarin ranar hannun yake haka, yana ɓoyewa a aljihu, ni kuma ban duba ba. Ya ga na gani. Ya sauke hannun a kan gwiwa ya danne shi da ɗayan.

Na durƙusa a gabansa na fara daga na ƙasa. Da na kai na wuya na ce, "Ɗaga haɓa."

Hannun bai sake daidaita ba har ya rasu a 1913. Shekara ashirin da huɗu, kowace safiya, ni nake saka masa maɓalli.